Makullin Kwamandan Sama

Ko zan manta komai na zamana a Alkahira, ba zan manta da ranar da wuta ta raba gidanmu biyu ba.

Lokacin muna haya a wani tsohon bene a unguwar Arba wa Nus, mu ɗalibai 'yan Arewa, sai wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan da ke hawa na ƙarshe, wadda ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Hajja muke ce mata. A cikinmu akwai wani mai karatun tarihi da ya ɗauki yaƙin duniya na biyu ya ɗora wa kansa. Ko shayi kake sha sai ya kawo maka Japan, har muka laƙaba masa Janar.

Shi ya ba mu labarin cewa da yaƙi ya zo ƙarshe, shugabannin sojan Japan sun ji tsoron bama-bamai za su datse ƙasar, umarni ya kasa isa wani sashe. Sai suka raba tsaron gida biyu, gabas a hannun Tokyo, yamma a hannun Hiroshima, kowane ɓangare ya iya tsayawa da ƙafarsa ko bai ji daga ɗan'uwansa ba. Unguwanni kuma aka sa su tanadi ruwa da yashi saboda gobara.

To, bawan Allahn nan bai tsaya a labari ba. Ya ce matakalarmu ɗaya ce, kuma kowane ɗaki da tukunyar gas. Ya jera bokitan yashi, ya bi maigidan da naci har ya ba shi makullin ƙofar rufin bene, ya yanko na biyu ya danƙa mini, tunda ɗakinmu a sama yake. "Kai ne kwamandan sama," in ji shi. Na ƙame na sara masa, 'yan ɗaki suka yi ta dariya.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Wani sabon ɗalibi a hawa na biyu ya ga yadda masu kawo gas ke ƙyasta ashana a bakin tukunya don su duba ko tana yoyo, shi ma ya gwada. Ina kwance na ji salati, na buɗe ƙofa, hayaƙi ya mare ni. Matakala ta toshe. Na ƙasa sun fice, mu na sama mun maƙale.

Wallahi abin da na fara yi shi ne kiran Janar. Wayarsa a kashe, yana jarrabawa. Na sake kira, sai na jiyo Hajja tana tari a ɗakinta. Nan na gane babu wanda zai zo ya ce mini yi kaza. Na zazzage jakata, makulli ya faɗo, na jefa wa abokina da muke ɗaki ɗaya. "Yalla, buɗe sama!"

Na sami Hajja a bakin gado da carbinta. Na durƙusa na ce ta hau bayana. Ta ce, "Ɗana, ka tafi, khalas, shi ke nan, ni na ci zamanina." Na ce, "Hajja, in ba ki hau ba nan zan zauna, sai ki san abin da za ki gaya wa mahaifiyata." Sai ta riƙe wuyana.

Ban san tsohuwa na da nauyi haka ba. Ba na ganin gabana, ƙirjina kamar an zuba barkono, ga kwaɗon ƙofar rufin ya yi tsatsa, ina jin abokina yana fama da shi yana kiran sunan Allah. Da ƙofar nan ta buɗe iska ta buge mu, zubewa na yi ina kuka, ban ji kunya ba. Maƙwabta Misirawa suka tsallakar da mu zuwa nasu rufin, na ƙasa kuma suka danne wutar da yashin da muke wa dariya kafin 'yan kwana-kwana su iso.

Da Janar ya dawo na ce, "Lallai Japanawanka sun yi rana." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Nasu shirin bai cece su ba, bam ɗaya ya shafe Hiroshima. Su an shirya su ne su mutu a kan ƙasa, ni so nake ku fita da rai."

Tun daga ranar na daina yarda ran mutanen gida ya rataya a aljihun mutum ɗaya. Yau a gidana hatta 'yar autata ta san inda makulli na biyu yake.