Ragar Baba Inuwa Kafinta

Duk wanda ya san Baba Inuwa Kafinta ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya fara gaisawa da katakon da ke kusa. In ya zo gidanka, kafin sallama zai ƙwanƙwasa ƙyaure da bayan yatsa, ya karkata kunne kamar likita, sannan ya ce, "Katakon malaina ne, an cuce ka. Ina kwana?" Da idona na gan shi a zaman makoki, ya yi wa mamaci addu'a ya shafa, ya ƙwanƙwasa bencin da muke kai, ya dubi mai gidan ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Wannan bencin ma ya kusa."

Shi ya kafa mana kulob ɗin 'Yan Zarto a nan Katako, tun ina da gashi a ka. Masu sayar da katako ne da masu yanka da masu dako. Baba shi ne sakatare, shi ne mai ajiyar kaya, shi ne kuma mai yi wa lafari wa'azi daga bakin fili. Ni ne gola, Sabo Katanga. A filinmu ƙwallo kan taho a guje kamar za ta shiga, ta ga fuskata, ta daki turke ta koma inda ta fito. 'Yan gaban da suka zo mana wasa sukan koma gida suna neman rubutun sha.

Wata rana muna da wasa a Kuru, Baba ya ce ya samo mana mota. Muka fito fes, sai ga tifa shaƙe da katakon rufi. Muka hau can ƙololuwa muna rawar sanyi. A Daɗin Kowa direba ya tsaya ƙofar wani sabon gini, Baba ya leƙo daga gaba ya ce mu sauke kayan.

Na ce, "Haba Baba, wasa fa za mu."

Ya ce, "To da ba za ku motsa jiki kafin wasa ba? Ga shi nan kun samu, har da lada."

Da aka tashi wasan, tifar ta riga ta tafi ɗaukar yashi. A kan yashin muka dawo.

Shekaru suka ja, gwiwa ta ƙi, na koma koci. Sai hukumar ƙwallo ta ce za ta sake tsarin gasarmu. Kulob ya yi yawa, za a tace. Wanda ya samu lasisi ya zauna a gasar, wanda bai samu ba ya koma wasan unguwa, inda kofin ma kan zama bokitin roba. Shugabanmu, Alhaji Garba mai shagon silin, ya karanto mana sharuɗɗan: ofishi, ɗakin sauya kaya, shinge, ma'aikacin lafiya. Kowanne ya karanto, Baba sai ya ce, "Wa ya ce?" Kun dai san shi da wannan tambayar. Ko ruwan sama ka ce ana yi, sai ya tambaye ka wa ya ce, alhali yana jiƙewa.

Amma washegari shi ya riga kowa zuwa fili da guduma da gwangwanin tsofaffin ƙusoshinsa, waɗanda ya miƙar da su har sun san sunansa. Cikin mako uku ya tsayar da shinge da ɗaki. Ofishi kuwa, ya share rabin rumfarsa ya kafa allo. Kan ma'aikacin lafiya ne aka sha fama, don shi wani tsohon mai ɗori ya kawo.

Alhaji Garba ya ce, "Baba, takarda za su nema. Ina takardarsa?"

Baba ya nuna ƙafata ya ce, "Ga ta nan tsaye. Sau biyu ya haɗa ta."

Da ƙyar muka lallashe shi ya yarda 'yarsa Hajara, wadda take aikin nas, ta riƙa zuwa ranar wasa. Sai da ya kafa sharaɗin mai ɗorin zai zauna bayanta, ko da za ta buƙaci shawara.

Ranar dubawa jami'in hukuma ya zo, wani mutumin kirki da muke kira Oga Pam. Ya zaga ya ga komai, ya zauna a ofishin yana karanta takardarsa da ƙarfi yana sa alama. Ya zo kan faɗin raga ya ce, "Ƙafa ashirin da huɗu. Wannan ai ba sai na auna ba, filin kafintoci ne." Ya ja biro ya wuce. Saura sa hannu.

Na ga leɓen Baba na motsi, yana lissafi. Shi ya kafa ragogin nan biyu tun farko. An ce masa ashirin da huɗu, shi kuwa ya san katakon kasuwa sha biyu-sha biyu yake zuwa, sai ya ɗauki biyu. Amma kafinta ba ya haɗa katako baki da baki. Sai ya hau da ɗaya kan ɗaya kamar haɗin rufi, ya buga ƙusa. Haɗin ya cinye ƙafa guda, bai taɓa kawo wa ransa ba sai ranar.

Ya ce, "Oga, dakata. Ba ka auna raga ba."

Alhaji Garba ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Baba ya ce, "Alhaji, ƙafata ce wannan, ba katakon afara ba." Ya zaro tef ɗinsa ya yi gaba, muka bi shi kamar masu rakiyar gawa. Ya ba ni bakin tef ɗin na riƙe. Ashirin da uku. Ɗaya ragar ma haka.

Oga Pam ya dube ni ya ce, "Kai ne Katanga ɗin da ake faɗa?"

Baba ya ce, "Shi ne. Ashe rabin katangar ni na gina."

Ban yi dariya ba, kowa ma bai yi ba. Oga Pam ya ce da bai gani ba da shi ke nan, amma ya gani, kuma ranar ce ta ƙarshe ta miƙa sunaye. Ya soke alamarsa. Muka rasa lasisin.

Shekara guda cur muka yi a wasan unguwa. 'Yan wasanmu huɗu suka koma wasu kulob. Akwai waɗanda suka daina tsayawa a rumfar Baba, kuma kun san kanku, ni ma na yi sati biyu ina zagayawa ta bayan layi. Da na gaji na je, na same shi shi kaɗai yana goge allon ofishin.

Na ce, "Baba, da ka yi shiru na minti ɗaya."

Ya ce, "Na iya shiru, Sabo. Amma duk ranar wasa zan zauna ina kallon yaran mutane suna dukan turken da bai kamata ya tsaya a wurin ba. Da ban sani ba. Yanzu na sani."

Shi da kansa, mutumin da yake cewa ƙarfe aikin ragwaye ne, ya je wurin mai walda ya tsaya a kansa da tef har aka yi mana sababbin ragogi.

Da shekara ta zagayo Oga Pam ya dawo, ya auna sau biyu yana dariya, ya sa hannu. Lokacin ciwo ya riga ya kwantar da Baba a gidan Hajara, bai ga wasanmu na farko ba, wanda muka yi da 'yan Kuru. Ana tashi na wuce can da takardar lasisin a aljihu. Ya shafa ta ya ajiye gefe, ya ce, "Nawa?"

Na ce, "Biyu da ɗaya, Baba. Mu aka ci."

"Ta ina suka shiga?"

"Ƙwallo ta biyun ta kusurwa ta shiga. Daidai inda tsohon turken yake."

Ya lumshe ido yana murmushi, ya ce, "To tasu ce. Mun daɗe muna riƙe musu." Can ya ƙara da cewa in na haɗu da tsofaffin 'yan wasan Kuru in roƙa masa su yafe. Na je na roƙa. Sun yi dariya har da hawaye, sun yafe, wasunsu ma sun zo jana'izarsa bayan kwana tara.

Allah ya ji ƙan Baba Inuwa, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ya yalwata masa makwancinsa, ya ba Hajara da mu haƙurin rashinsa. Amin.