Itacen Kaka a Lambun Fada

Har yau in na ji warin albasar da rana ta dafa a bayan mota, sai raina ya ɓaci. Ba albasar ce ta yi mini laifi ba, Baba ne, Allah Ya jiƙansa.

Ina 'yar shekara goma lokacin. Kaka, mahaifiyar Baba, yanar ido ta fara rufe mata gani, har ba ta iya zura zare a allura. Abu ɗaya take roƙo: a kai ta tsohuwar fadar da mahaifinta ya yi aikin lambu, ta ga itacen da ya dasa ranar sunanta tun idon bai ƙarasa ba. In muka tambaye ta wane irin itace ne, sai ta ce da hannunta za ta nuna mana.

Da bazara muka bar Illela bayan asuba, a motar da Baba ke ɗaukar kaya zuwa Konni. Tafiyar awa biyu ce zuwa fadar. To amma ka san irin mutanenmu, ba a ratsa garin dangi a wuce. Mun tsaya a Darna gaida wani baffa, aka dama fura. Muka kauce hanya zuwa Garu yin ta'aziyyar da ta shekara, aka ba mu buhun albasa. A gaba kuma barka, aka ɗora mana zabi biyu a kan cinya. Ko ina sai an shimfiɗa tabarma, an tambayi gida da gajiya da kasuwa da shanu, mu da ba mu da ko saniya ɗaya.

Kaka ba ta sauka ko sau ɗaya ba. Tana zaune da sabon zanenta, gumi na bin wuyanta. Da azahar ta yi ta ce, "Kai, rana na tahiya."

Baba ya ce, "Inna, mi a abin gaggawa? Hwada ba ta gudu."

Wallahi ji na yi kamar in fashe.

Bayan la'asar sakaliya muka isa. Ganuwar jar ƙasa ce, doguwa, kawunan itatuwa sun leƙo ta sama, iska mai sanyi na fitowa daga zaure. Wani dattijo mai gadi yana karkaɗa makullai, ya ce saura kaɗan ya rufe, mu hanzarta. Na kama hannun Kaka ina sauko da ita a hankali. Kai mai karatu, me kake zaton Baba ya yi? Hannu ya miƙa wa mai gadin ya fara gaisuwa a bakin ƙofa, ya tare hanya. Can suka gano matar ƙanen mutumin 'yar Tozai ce, garin danginmu. Shi ke nan, aka koma farko. Mu kuwa mata ba ma ratsa maza suna magana, sai muka tsaya. Suna cikin lissafa dangi aka kira magariba, dattijon ya ba da haƙuri da ladabi ya ja ƙofarsa.

"Mu dawo bayan damina," in ji Baba, ko a jikinsa.

Kaka ta dafa ganuwar ta daɗe. Kafin a yanke gero idon ya rufe, daga nan ba ta sake ɗaga zancen ba.

Yanzu gaisuwa ta koma waya, ba mai tsayar da kowa a hanya, dangin ma rabinsu ban san ƙofarsu ba. Sau uku ina kai 'ya'yana lambun nan, da hantsi muke isa. Akwai tsamiya, akwai dabino, akwai giginya da kurna, duk tsofaffi. Autata takan tambaye ni wanne ne namu, ni kuma in tsaya ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Ba sauran wanda zan tambaya.