Kujerar Gaba da Ƙidayar Kwamfutocin Suleja

Babu al'ummar da ta taɓa ɗaukaka ba tare da ta san adadin abin da ta mallaka ba, kuma ƙidaya ta gaskiya ita ce ginshiƙin wayewar ɗan Adam. Na yi shekaru ina koyar da wannan a aji. Saboda wannan aƙida ce na ɓata Asabar guda ina leƙen ƙarƙashin teburan mutane a Suleja.

Motar wani Alhaji maƙwabcinmu muke bi zuwa aiki Abuja kowace safiya. Kujerar gaba guda ce tak, ni kuwa Allah ya yi ni da dogayen ƙafafu da gwiwa mai ciwo. Abokin takarata wani ma'aikacin gwamnati ne, mutumin Filato, gajere, wanda ko a but ɗin mota aka sa shi zai miƙe ƙafa. Ba ya bukatar kujerar, yana son ta ne kawai don ina son ta. Karɓa-karɓa muke yi, yau ni gobe shi. Ina ce masa Oga, yana ce mini Malam.

Wata safiya, daidai dutsen Zuma, ya waiwayo daga gaba.

"Malam, ka san kwamfutocin tebur na garin nan yawanci haɗi ne? A tsinto wannan can, a tsinto wancan nan, a ɗaure da noti."

"Wane bincike ne ya nuna haka, Oga?"

"Idona."

Na yi masa bayani a tsanake, irin wanda nake yi wa 'yan aji ɗaya, cewa manyan kamfanoni ne suka cinye kasuwa, kuma suna fitar da adadin abin da suka sayar.

"Kamfani na ƙirga abin da ya fito daga kamfani," in ji shi. "Wa ya ƙirga waɗanda aka haifa a bayan kasuwa?"

Tambayar ta yi kyau ƙwarai, shi ya sa ban amsa ta ba. Na dai ƙara ɗaga murya.

Mako biyu muna abu ɗaya. Akwai wata nas da ke zama a baya, wadda ta saba rama barcinta a hanya. Ranar ta buɗe ido ɗaya.

"Don girman Allah ku je ku ƙirga mu huta. Wanda ya faɗi ya dawo baya, har abada."

"Na shaida," in ji Alhaji, bai ko ɗauke ido daga titi ba.

Ni na tsara dokar, tunda ni ne mai alli: duk kwamfutar da ke da sunan kamfani a goshinta tawa ce, wadda babu komai tasa. Muka fita da littafi da biro, muka bi shagunan masu buga takardu, da masu hoto, da wuraren da ɗalibai ke gwajin jarrabawa. Wani mai shago da ya hango mutum biyu da littafi sai ya yafa wa tasa darduma, ya rantse mana akwatin kaya ne. Sai da Oga ya nuna masa takalmana da suka sha faci kafin ya yarda ba daga hukuma muke ba. Wata mata kuma ta ɗage wa tata leshin da ta rufe ta da shi, ta ce mu duba amma kada mu taɓa, don ba ta son hannun baƙo.

Kafin la'asar shafina ya cika, nasa ko rabi bai yi ba. Ya ba ni hannu kamar mutumin kirki. Ranar Litinin na shiga gaba, na tura kujerar baya iyakarta, na yi wa motar gajeren jawabi kan fifikon hujja a kan jita-jita. Nas ta yi barci tun a gabatarwa.

Bayan wata biyu kwamfutata ta ƙi tashi. Na ɗora ta a Keke mai ƙafa uku zuwa wurin mai gyaran da ya sayar mini da ita, wani dattijo a bayan babbar kasuwa, wanda kowa ke kira Injiniya. Yana kwance noti ina ba shi labarin nasarata. Ya ajiye sukudireba ya dube ni ta saman tabarau.

"Da sunan goshi kuka ƙirga, Malam?"

"Da me kuma za a ƙirga?"

Ya jawo wani gwangwanin madara ya zazzage a tebur. Sunayen kamfanoni ne, 'yan ƙananan tambura masu ƙyalli, fal gwangwani.

"Wanda na haɗa wa kwamfuta ba ya son ta fita tsirara," in ji shi. "Mai kawo aiki zai raina shagonsa. Sai ya zaɓi suna a nan, in liƙa masa."

"A ina kake samun su?"

"Wurin masu ta kamfani ta gaske. Su kuma ɓamɓarewa suke sa ni in yi, kada ɓarawo ya gane mai tsada ce."

Na tuna shafina cikakke da rabin shafin Oga. Ban ce dukansu sun juye ba, amma ko ɗan aji ɗaya zai gane inda lissafin ya karkata.

"Tawa fa, Injiniya?"

"Haba Malam. Kana zaune a bencin nan na haɗa ta. Sallah ka tafi ka dawo ka tarar da ita da suna. Ka ce kai mai suna kake so."

Na dawo gida ina tunanin abin da ya wajaba a kan malami. Na san dokar ilimi: in hujja ta rushe, a fito a faɗa. Na ma shirya kalmomin, masu kyau, har da yabon Oga a ciki. Na kuma tuna kujerar baya, da yadda gwiwata take tokarar ƙarfe tun daga Suleja har ƙofar makaranta.

Da safe na tarar Oga ya riga ya zauna a baya, ƙafafunsa na lilo.

"Malam, an gyara kwamfutar?"

"An gyara."

"Me ya same ta?"

Na gyara zama, na ja bel.

"Ɗan abu ne kaɗan. Ka san kayan kamfani."

Shekara uku ke nan. Gwiwata ta daina ciwo.