Lawali Tela da Bushiyar Teku

Ranar Talata da hantsi ina ofishin malamai ina duba takardun jarrabawa, sai wayata ta yi ƙara. Murtala ne, babban ɗan Malam Lawali Tela. Ya yi sallama, sannan ya ce, “Baba Sani, Baba ya cika.” Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji’un. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa a nan Kaura Namoda. Likkafanin da aka sa masa shi ya ɗinka abinsa da hannunsa tun shekarun baya, ya ajiye a ƙasan akwati. Matarsa, Hajiya Kulu, ta ce ya taɓa gaya mata dalili: ba ya son a kai wa wani tela a ce a dawo gobe.

Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, saboda haka taubasai muke. Ya girme ni da shekara goma sha biyar. Da wani ne daban, sai na rusuna kafin in gaishe shi, amma taubasantaka ta ba ni lasisin faɗa masa duk abin da ya zo bakina. Ina ce masa bawa, yana ce mini bawa, har ya koma ga Allah ba mu daidaita a kan wanda ya mallaki wani ba.

Teloli su yi mini afuwa, amma kowa ya san alƙawarin tela da hadarin kaka uwa ɗaya ta haife su. Lawali ne kaɗai na sani wanda ya fita daga wannan dangi. Da azumi ya kai goma yake daina karɓar ɗinkin salla. In mutum ya matsa, sai ya ce, “Alhaji, in na amsa ƙarya zan yi maka. Tahi wurin wane, hannunai na da kyau.” Idan ya gama ɗinki, ƙyallen da ya rage, ko bai kai tafin hannu ba, sai ya naɗe shi ya sa a aljihun rigar. In an kawo likkafani, yakan ture kayan biki gefe ya fara da shi, kuma bai taɓa karɓar komai a kansa ba. Cewa yake, “Amarya na iya jira. Wanga baƙon ba ya jira.” Kafin ya yanka yadi yakan daɗe yana kallonsa har mai kaya ya ƙosa, sai ya ce, “Bari in duba. Almakashi bai san nadama ba.”

To, wannan mutumin ne sunansa ya zama abin da ake kiran ƙarya da shi a garin nan. Kuma ni na jawo masa.

Yana saurayi ya bi ta Agadas ya ƙetare hamada, bai tsaya ba sai da ƙasa ta ƙare masa a bakin teku a Aljeriya. Ya yi shekara huɗu yana gyara wa wani tsohon masunci taru. Da ya dawo ya buɗe shago kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, rumfar gaban shagon ta zama majalisarmu. Labaran hamada da ƙishirwa duk mun yarda da su. Guda ɗaya ne ya gagare mu. Ya ce ranar Juma’a sukan sauka cikin duwatsun bakin ruwa shi da tsohon, su ɗebo wata halitta baƙa, mulmulalliya kamar lemon zaƙi, jikinta duk ƙaya, ba kai, ba ido, ba ƙafa. Bushiyar teku yake ce mata. Sai su kai gida su yanke da almakashi, su matsa lemon tsami, su ci da burodi. Ɗanya.

“Ɗanya, Lawali? Ba yanka, ba wuta?”

“Ɗanya, bawa. Daɗinta kamar ka haɗa kwaiduwa da man shanu ka sa ɗan gishiri, sannan iskar ruwan hwarko ta busa a kai.”

Mu da iyakar saninmu kifin gulbi da kifin ƙanƙara, kuma mun san bushiya da fuskarta da ƙafafunta, sai dariya. Shi ma yakan yi dariyar ya ce, “Wanda bai hita gari ba, rijiyar gidansu ita ce teku.” Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, ni na san akwai halittar. Na ga hotonta a littafin kimiyya tun ina kwaleji. Amma ba’a ta fi littafi daɗi, kuma taubashi ba ya zama lauyan taubashinsa. Wata rana wani dillali ya zo yana rantsuwa a kan wani sa da ya ce ya kai raƙumi tsawo, na ce, “Wannan ai bushiyar Lawali ce.” Majalisa ta kwashe da dariya, magana ta kama hanya. Bayan wasu shekaru na ji ta a kasuwar Shinkafi, na kuma ji ta a tashar Zurmi a bakin wani direba da ko ganin Lawali bai taɓa yi ba. A lokacin har wani ɗan alfahari na ji, irin na marubucin da aka karanta.

Ranar da abin ya daina zama wasa, a Badarawa ne. Wani aminin Lawali ya rasu ya bar marayu da gonar gero, maƙwabci ya matso da iyaka. Lawali yana wurin ranar da aka dasa iyakar ta asali, sai uwar marayun ta roƙe shi ya je ya ba da shaida gaban mai gari. Ya hau babur ya tafi, a lokacin da mutane ke tunani sau biyu kafin su bi hanyar saboda ’yan bindiga. Yana fara magana maƙwabcin ya ce, “Ranka ya daɗe, wanga shi ne fa mai bushiyar.” Fada ta ɗauki dariya. Daga ƙarshe raba gardama aka yi, aka ba kowa rabin wurin da ake jayayya a kai, alhali duka na marayun ne. Lawali ya dawo gida. Kwana uku keken ɗinkinsa ne kawai ke magana a shagon.

Murtala yana aiki a kicin ɗin wani otal a Legas inda Turawa da mutanen Asiya ke sauka, kuma a can akan kawo musu irin waɗannan abubuwa. Uban ya kira shi ya ce abu ɗaya yake so a duniya: bushiyar teku. Yaron ya yi wata da watanni yana nema, har ya samu goma sha biyu masu rai. Ya jera su cikin kula mai ƙanƙara, ya biyo jirgin safe zuwa Sakkwato, ya shiga mota ta Gusau, ya iso gida ana kiran azahar. Lawali ya leƙa kular, ya rufe, ya ce wa Murtala ya taso su je masallaci, daga can su ɗebo shaidu. Mu uku ya zaɓa: Liman Malam Bello, da Alhaji Garba mai goro wanda ya fi kowa ƙarar dariya a majalisa, da ni.

Muna shiga zaure muka ji ƙamshin daddawa da tarugu. Lawali ya tsaya cak, sannan ya wuce ciki da sauri, ni ma na bi shi tunda gidan gidanmu ne. Hajiya Kulu na tsugune bakin murhu. Ta fasa tara da wuƙa, ta ƙwaƙule cikinsu tas, ta wanke ɓawon ta zuba a tukunya. Can gefen rariya agwaginta huɗu suna goge baki.

“Kulu, mi kika yi?”

“Mi zan yi? An kawo nama daga nesa in bar shi ya lalace? Na hidda kayan cikin na ba agwagi. Amma wallahi Malam, abin nan ba tsoka ko kaɗan.”

“Kayan cikin su ne abin. Ban ce miki ɗanye aka ci ba?”

“Awo, ka ce. Ai can ba ka da mata ne shi ya sa.”

Ya dubi agwagin ya daɗe. Sannan ya ce, “Shekara arba’in ina ba mutanen garin nan labari, ashe agwagi za su riga su shaida.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ɗaga murya ba. Uku suka tsira, su ma don ƙaya ta soke ta a yatsa ta tsaya cirewa. Daga baya Murtala ya gaya mini har romon nan na ɓawo uban ya sa aka zuba masa ya sha, don kada uwarsu ta ji kunya.

Lawali ya fito da ukun zaure a faranti. Liman ya gyara tabarau ya ce abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya buƙatar yanka. Lawali ya ce to bismilla. Liman ya ce, “Na ce halal ne, ban ce wajibi ba ne,” ya tuna yana da ɗaurin aure. Alhaji Garba ya taɓa ɗaya da bakin sandarsa ya ce, “Wanga ai ’ya’yan zaƙami ne aka rina da shuni,” ya bi bayan Liman yana dariya. Saura ni.

Lawali ya ɗauko almakashinsa na aiki, wanda ko ’ya’yansa ba sa taɓawa, ya wanke. Ya naɗe hannun hagu da ƙyalle, ya kifar da bushiyar a kai. A nan na ga ƙayoyin suna motsi a hankali, kowace da nata gefen. Ya soka bakin almakashin ta wani ɗan rami a ƙasanta, ya yanka ya zagayo kamar mai fitar da wuyan riga. Ya tsiyaye ruwan, ya share wani baƙin abu da bayan cokali, ya ɗauraye da ruwan gishiri mai sanyi. Sai ga wasu ’yan harsuna biyar masu launin kwaiduwa, manne a jikin ɓawon, a jere kamar tauraro. Ya matsa lemon tsami, ya lakato ɗaya da burodi ya ci, ya rufe ido. Ban san inda ya tafi ba, amma ba a Kaura yake ba. Da ya dawo ya miƙo mini.

Na ci. Sanyi ne ya fara zuwa, sai gishiri, sai wani maiƙo mai zaƙi da ya narke kafin in tauna. Ban taɓa ganin teku ba, amma ranar na san ƙamshinsa. Duk abin da ya faɗa haka yake, har da maganar iskar ruwan farko.

Washegari majalisa ta cika maƙil. Alhaji Garba ya riga ya baza maganar zaƙami, aka juyo gare ni. Lawali na kan kekensa bai ɗago ba. Kalma uku kawai ake nema a bakina: gaskiya ya faɗa. Amma na ga fuskoki suna jiran dariya, kuma shekara da shekaru ni ke ba su ita. Na ce, “Jama’a, abu dai na gani mai ƙaya. Ɗanɗano kuwa, ku tambayi agwagin Hajiya, su suka fi ni ci.” Rumfa ta kusa faɗuwa. Shi ma ya murmusa, ya ci gaba da taka keke. Bai sake ba da labarin teku ba.

Shekara biyu ke nan da wannan rana. Sati biyu kafin rasuwarsa na je gaishe shi, ƙafafunsa sun kumbura, yana jingine da bango. Na ce, “Bawa, akwai maganar da nake son in faɗa maka. Ranar nan…”

Ya ɗaga hannu. “Na gan ka lokacin da ka lakaci na huɗu, kana tsammanin idona a rufe yake. Ni na sani. Ba ni za ka faɗa ma ba.”

Na ce zan faɗa a majalisa ranar Juma’a. Juma’ar ta zo muna jarrabawa, na ce ta gaba. Ta gaban ma ta wuce.

Ranar addu’ar uku, bayan an shafa fatiha, na miƙe a ƙofar gidansa na faɗa, Alhaji Garba na zaune yana kallon ƙasa. Yanzu kuma ina rubutawa don waɗanda ba su nan, na Shinkafi da na Zurmi da na Badarawa musamman. Ni Sani, malamin makaranta, na shaida akwai bushiyar teku, na gan ta tana motsi, na ci ta ɗanya a zauren Malam Lawali, kuma da daɗi. Na san da ita tun kafin in fara yi masa ba’a. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ko ta tela. Abin da ya faɗa a kan iyakar gonar marayun nan gaskiya ne, kuma wanda ke noma wurin ya sani. Maganar “bushiyar Lawali” da na ƙirƙira ina roƙon a bar ta. Wanda bakinsa ya saba, ya sa sunana a wurin nasa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Lawali, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka tashe shi cikin masu gaskiya. Ka ba Hajiya Kulu da Murtala da ƙannensa haƙuri, Ka tsare musu mutuncin da ya bar musu. Ka mayar wa marayu haƙƙinsu, Ka kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu. Ni kuma, ya Rabbi, Ka sa ya yafe mini, Ka sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.