Abin da aka samu a lagireton motata

Bakanike ya buɗe lagireton motar da na saya a hannun Alhaji Bala, dattijon maƙwabcinmu a unguwar Suwaidi, nan ƙasa mai tsarki, sai ya tsaya yana kallona. Ruwan sanyaya injin ba ja ba, ba kore ba, ya yi kauri kamar kunun kanwa. Ga shi jibi zan ɗauki iyali zuwa Makka.

Na kira Alhaji Bala: "Baba Alhaji, wane ruwa kuke zuba mata, ja ko kore?"

Ya ce, "Wane ja kuma? Zamzam nake ƙara mata duk na dawo Umra, don albarka."

Innalillahi!

An wanke lagireton tas, an zuba ja, irin nata.

Jama'a, ruwan da mahaifiyata a Kano take sha cokali-cokali, shi mota ta yi ta kwankwaɗa. Kun taɓa ganin haka?