Tokar da na zuba a tabar kakana

Ni ne mai laifi, kuma na san haka tun lokacin da abin yake faruwa. Ba zan ce maka ƙuruciya ce ba. Yaron da ya iya waiwayawa kafin ya taɓa abu, ya san abin da zai yi ba shi da kyau.

Wari ne ya tayar mini da maganar. Kwanakin baya ina tsaye a tasha a Birnin Kudu, wani tsoho ya buɗe 'yar roba, ya ɗibi garin taba da yatsu biyu ya cusa a ƙasan leɓensa. Warin nan mai kaifi ya bugi hancina, sai na gan ni a zauren gidanmu, a ƙauyenmu na wajen Kiyako, kakana yana zaune a kan buzunsa.

Baba Tsoho muke ce masa. A lokacin da na yi wayo, yanar ido ta soma rufe masa gani, ya daina zuwa gona. Abin da ya rage masa a duniya bai wuce carbi da buta da battarsa ba, 'yar batta ta fata wadda hannu ya shafe ta har ta yi baƙi tana ƙyalli. Da hantsi zai ƙwanƙwasa murfinta, ya ɗiba ya ajiye tsakanin leɓe da dasashi, ya jingina da bango. Akwai kasko da yashi a gefensa don tofar da yawu. In an kira salla sai ya kurkure baki sosai, ya goga asuwaki, sannan ya yi alwala.

Bai taɓa sayen taba a kasuwa ba. Amininsa ne yake kawo masa daga ƙasar Gwaram, wani dogon Bafillace da muke kira Baffa. Sun san juna tun suna samari, lokacin da shanun gidansu Baffa suke kwana a gonarmu bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. Daga baya Baffa ya zauna wuri ɗaya yana noma. A tsohon makwancin shanu yake shuka tabarsa, ya shanya ganyen a inuwa, ya daka da kanwa kaɗan, ya shafa mata man shanu don kada ta bushe. Yakan zo a kan jaki da ɗan gora cike, ya kwana biyu ya koma. Tun daga bakin ƙofa za ka ji muryarsa, yana tsokanar kakana da sunan da Fulani suke kiran Bahaushe.

"Kaɗo, ashe har yanzu ba ka mutu ba?"

Baba Tsoho ya ce, "In mutu in bar ka da wa? Shanu ba sa hira."

Sai su yi ta dariya kamar yara. Ban taɓa ganin kakana ya yi dariya irin wannan da kowa ba, ko da 'ya'yan cikinsa.

Da yake ba ya gani sosai, ni aka ɗora wa cika batta. Kullum da safe in sauko da goran daga rataye, in zuba masa. Shi kuma yakan girgiza goran kusa da kunnensa, ya san abin da ya rage, ya san ko za ta kai shi zuwan Baffa na gaba.

Wata damina haƙori ya kama ni, kumatuna ya kumbura. Kakata, wadda muke kira Iya, ta roƙi 'yar taba a wurin mijinta ta danna mini a kogon haƙorin, kamar yadda ake yi wa kowa a lokacin. Jiri ya ɗebe ni, na yi amai a bayan rumbu, amma ciwon ya kwanta. Washegari aka sake sa mini. Haƙorin ya warke, ni kuwa ban warke ba. Na soma ɗiba da kaina in na zo cika batta, in tafi kiwon awaki da ita a leɓe, ina jin kaina wasai, ina ganin na zama babba.

Ɗiba kaɗan ta zama ɗiba da yawa. Na ga goran yana sauka da wuri, na san kunnen Baba Tsoho zai gane. Sai na ɗebo tokar kara daga murhun Iya, na tankaɗe ta, na cike gurbin. Da ya sa a baki ya ce tabar bana ba ta da ƙarfi. Don in maido mata da yajinta, na saci kanwar da Iya take sa wa a miya, na niƙa na ƙara. Haka na riƙa yi: in ware mai kyau in ɓoye wa kaina, in zuba toka, in ƙara kanwa. Ban san kanwa in ta yi yawa tana cin nama ba. Ko kuwa in ce ban damu in sani ba.

Kafin sanyi ya shigo, wani farin tabo ya fito masa a cikin leɓe, daidai inda yake ajiye tabar. Tabon ya fashe ya zama gyambo. Tuwo ya gagare shi, sai kunu. Mahaifina yana Kano a lokacin, ya bi aikin gini, domin shekarun nan ne da aka canja fam zuwa naira, kuɗin mai suka fara yawo, duk mai ƙarfi ya bar ƙauye. Ƙaninsa ne yake riƙe da gida, mutum mai saurin fushi. Shi ya kira wanzami.

Wanzamin ya duba bakin, ya karɓi batta ya shinshina, ya murza garin a tafin hannu. Ya ce, "Wannan ba taba ce zalla ba. Da hannun mutum a ciki."

Gaskiya ya faɗa. Amma a gidanmu, da aka ji "hannu", sai kowa ya ji sammu. Kafin la'asar mata sun gama haɗa labari: wai Baffa yana da tsohon haushi a kan gonar da aka hana shanunsa shiga shekarar fari. Wasu suka ce zamani ne, yanzu kowa ya koyi algus, har amini.

Da yamma Baba Tsoho ya kira ni, ya laluba ya kama hannuna. Maganarsa ba ta fita sosai saboda ciwon. Ya ce, "Kai ne idona. Kai kake zuba min. Ka taɓa ganin wani abu a goran nan?"

Na ce, "A'a, Baba. Yadda ya kawo ta haka nake zubawa."

Ya sake ni, ya juya fuskarsa ga bango. Ka ga, da wannan kalma ɗaya na raba abin da suka gina tun kafin a haifi ubana.

Ranar da Baffa ya dawo, yana sauka daga jaki ya ɗaga murya kamar kullum, "Kaɗo, fito ka karɓi abincinka!" Ba wanda ya amsa. Ƙanin mahaifina ya tare shi a ƙofar zaure, ya jefa masa batta a ƙafa, ya gaya masa maganar da ba zan maimaita ba. Baffa ya durƙusa ya ɗauka, ya zuba kusan rabinta a bakinsa don a ga ba ya tsoronta. Sai fuskarsa ta canja. Ya tofar, ya ce, "Wannan ba haɗina ba ne."

Ƙanin mahaifina ya ce, "To mu ne muka sa wa ubanmu?"

Baffa ya leƙa ta saman kafaɗarsa, ya kira kakana da sunan da su biyu kaɗai suke amfani da shi. Baba Tsoho yana ciki, yana ji, bai fito ba. Ina tsaye a jikin ƙofa, tabar mutumin nan mai kyau tana ƙunshe a lalitar wandona. Baffa ya ajiye batta a dokin ƙofa, ya ja jakinsa ya tafi da ƙafa. Bai ko sha ruwa ba.

Daga baya mahaifina ya zo ya kai Baba Tsoho asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ce ciwon daji ne, kuma tabar shekara da shekaru ce ta kawo shi. Na riƙe wannan magana na daɗe ina lallashin kaina da ita. Amma ko da ba kanwata ce ta buɗe gyambon ba, wanda har yau ban sani ba, ba likita ne zai wanke ni daga "a'a" ɗin da na ce ba. Mutanen gidanmu kuwa ba su yarda da likita ba, sun riga sun sami mai laifi.

Kakana ya rasu da bazara. A kwanakinsa na ƙarshe, duk sanda jaki ya yi kuka a waje sai ya ɗaga kai. A maƙabarta na hango Baffa can nesa a gindin wata kuka, shi kaɗai, ya yi sallarsa bai shiga sahu ba. Wa ya gaya masa, ban sani ba.

Na girma da tabar a bakina. Karatuna bai yi nisa ba, na shiga leburanci a aikin hanya. Yanzu babu mai shuka taba a makwancin shanu, babu mai tafiyar yini a kan jaki don ya kai wa amini abin sawa a leɓe. A leda ake sayar da ita, ba ka san wanda ya haɗa ba, ba ka san me ya zuba ba. Na ga samari suna sawa suna dariya, sai in ji tsoro. Haƙorana na ƙasa sun zube, kuma da ƙyar na rabu da ita.

Abin da ya kai ni wurin Baffa ba jarumta ba ce. Aikin hanya ya kai mu ɓangaren Gwaram, na tashi wata safiya na ji wani tabo a cikin leɓena. Na ce ashe ga tawa ta zo, zan je in tarar da kakana da wannan kaya a kai. Na yi tambaya har aka nuna mini gidan.

Na same shi kwance a inuwar rumfa, ya rame, jikoki kewaye da shi. Bayan gidan, inda aka ce da can taba yake shukawa, kuɓewa ce. Babban ɗansa ya ce mini tun daga waccan tafiyar ya tuge ta duka, kuma har yau a kasuwa akwai masu nuna gidansu da baki.

Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne. Na soma magana a hankali, yadda shi kaɗai zai ji, don haka na shirya tun a hanya. Ya sa hannu a bayan kunne.

"Ɗaga murya, jikan Kaɗo. Kunnen ya riga ni tafiya."

Na duba. Ga 'ya'yansa, ga jikoki, ga mata sun daina daka a bayan zana. Na ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Baffa, tabarka ba ta da komai. Ni nake sata, ni na zuba toka da kanwa. Ya tambaye ni na yi masa ƙarya, aka kore ka ina tsaye ina kallo. Bai daina sauraron jakinka ba har ya cika. Na zalunce ka, na zalunci gidanka. Don girman Allah ka yafe mini."