Tagar da Na Kafa a Sukra

A garin Sabha, can ƙasar Larabawa, akwai maganar da baƙo ba ya furtawa, ita ce "ban iya ba". Ranar da na fara tsayawa a bakin titin da 'yan ƙwadago ke jiran aiki, mutanenmu suka ja mini kunne: duk motar da ta tsaya, kowane aiki aka ambata, ka ce sana'ar gidanku ce, ka koya a hanya. Ni kuwa a Kano facin taya nake yi. Amma da wani dattijon Balarabe ya leƙo ta motarsa yana neman magini, na riga kowa faɗawa ciki.

Taga zan kafa masa a ɗakin baƙin gidansa da ke unguwar Sukra. Na fasa bango da zafin mai jin yunwa, sai da na ɗaga tagar na ga ramin ya fi ta girma nesa ba kusa ba. Simintin da ya ba ni ba zai cike rabin giɓin ba, kuma ba ni da Larabcin neman ƙari. Na waiga, babu kowa. Duk abin da hannuna ya kai gare shi a tsakar gidan na cusa, na shafe da siminti, na goge da soso. Wallahi ta yi kyau.

Shekaru suka wuce. Na koyi gini na gaske a hannun wani ɗan Damagaram, har aka fara ce mini Usta, kamar yadda suke kiran gwanin sana'a. Sai ga shi wani ya haɗa ni da dattijon nan, wanda kowa ke kira Haj, kan katangar gonarsa a Samnu. Aikin wata huɗu ne, shi nake fata ya kai ni gida in ga mahaifiyata, wadda ta daina tambayata yaushe zan dawo. Bai nuna ya gane ni ba, ni ma ban ga dalilin tuna masa ba.

Ranar da za mu ƙarasa magana, na je gidansa na tarar iska ta buga tagar nan gilashinta ya tarwatse. Ga mai aikin alminiyon tsaye, wani Bamaraɗe dogo, da abin awo a hannu.

"Ya Usta," in ji Haj, "kai ne magini. Gilashi kaɗai za a sa, ko a cire tagar gaba ɗaya?"

Ban taɓa yin Larabci mai daɗin na ranar ba. Na yabi firam ɗin, na ce irinsa an daina yi. Na ce almubazzaranci ne a yar da abu mai rai. Har na ce bango ba ya son a dame shi, maganar da ban san inda na samo ta ba.

Bamaraɗen ya ƙwanƙwasa gefen tagar. Ta yi ƙara irin ta ƙwaryar da babu komai ciki.

"Ɗan'uwa," na ce masa da Hausa ƙasa-ƙasa, "ka rufa mini asiri, ka sa gilashi kawai."

"Mi ka ɓoye ciki, Malam? Gawa?"

"Daga baya na gaya maka."

Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Ya ce wa Haj shi ma ya ga gilashi ya isa. Ya je ya yanko, ya ɗora, ya sa tafin hannu ya ɗan danna don ya zauna. Sai tagar ta tafi gaba ɗaya, da firam da sabon gilashin, ta kwanta a titi.

Abubuwa suka fara zubowa. Takardun buhun siminti, gwangwanayen tumatir, ganyen dabino, murfin tukunyar da na tabbata matar gidan ta daɗe tana nema. Daga ƙarshe silifa ƙafa ɗaya ya faɗo, shuɗi, da facin tayar keke a diddige. Facin hannuna ne, ko a mafarki zan gane shi. Bamaraɗen ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Haj ya ɗauki silifan ya fara zagin maginin da ya yi aikin. Ya daɗe yana yi, kuma duk ƙarshen jimla sai ya dube ni ya ce, "Ko ba haka ba, ya Usta?" Ni kuma in ce haka ne. Na yarda mutumin macuci ne. Na yarda jaki ne. Da ya yi shiru ma na ƙara zagi guda ɗaya daga wajena.

"To kai da za ka riƙe mini katanga," ya ce, "in ka kama irin wannan, me za ka yi masa?"

Nan dariyar da nake dannewa ta gudu, kunya ta rufe ni. Na tuna yadda na koma masauki a wancan ranar, ƙafa ɗaya ba takalmi, kwalta na ƙona ni.

"A yafe masa, ya Haj. Kwanansa biyu bai ci abinci ba."

Sai da na faɗa na gane abin da na faɗa. Haj ya dubi silifan, ya dubi ƙafata. Sannan ya miƙo mini.

"Asabar za ka fara a Samnu," ya ce. "Wannan kuma in kun haɗu ka ba shi kayansa. Ka ce masa in siminti ya ƙare, ya buɗe baki ya tambaya."